Murabban Shamiya da Zumar Goggo

Tun da aka rushe unguwar Hindawiyya ta Jidda ban yarda an bi da ni ta wajen ba. Sai kwanakin baya, ɗana yana kai ni asibiti, cunkoson motoci ya sa ya karkata ta nan. Ya rage gudu ya ce, "Umma, ga unguwarku fa." Na leƙa ta gilashi. Fili ne fetal, da tarin ɓaraguzai can nesa, sai hasumiyar wani masallaci tsaye ita kaɗai. Na yi ta neman inda lungunmu yake, ban gane gabas ɗinsa ba balle ƙofar gidanmu. Muka wuce. Da muka dawo na kwanta, amma kunnena cike yake da wata ƙara da na daɗe ban ji ba, ƙarar katakon ma'amul, cincin Larabawa mai dabino a ciki, ana buga shi a bakin tire don cincin ɗin ya faɗo, ƙwas, ƙwas, daga wannan gida zuwa wancan.

Yanzu a unguwar Madain Fahd nake, wajen ɗan nawa, can sama a bene. Gida ne mai kyau, ban raina ba. Ga ruwa a famfo, ga sanyi duk lokacin da mutum ya so. Sai dai har yau ban san sunan matar da ƙofarta ke kallon tamu ba. Jikokina idan suna marmarin zaƙi waya suke latsawa, kafin a jima wani ya buga ƙofa da kwali, kunafa ce, baƙalawa ce, basbusa ce, duk an yanka an jera. Su ci rabi idonsu na kan waya, saura ya kwana a firij har ya bushe. Ƙaramarsu takan kawo mini ta ce, "Sitti, zuƙi," wai in ɗanɗana. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci. Nakan ɗan gutsura don kada ta ji babu daɗi. Yana da zaƙi, ba zan yi ƙarya ba. Amma ban san hannun da ya yi shi ba, ban ji ƙamshinsa yana dahuwa tun safe ba, kuma ban jira shi ba. Mu da muka tashi, sai mutum ya yi kwanaki yana kewaya tukunya kafin a ce masa ga cokali.

Kakata ce ta zo ƙasar nan da ƙafa ta hanyar Sudan. Inna a Makka aka haife ta, ni kuma a Jidda. Lungunmu gidajen katako ne da kwano, an manna su da juna har in maƙwabci ya yi atishawa sai ka yi masa addu'a daga ɗakinka. Akwai mu Hausawa, akwai Yamalawa, akwai wani gida na Jawawa, mutanen Indunusiya, da Bukhari mai gasa burodin tamis a bakin hanya. Da asuba abin da ke fara tashin mutum bayan kiran salla shi ne ƙarar garwanin mai ruwa, yana tafe da su a sanda suna kaɗawa. Sai mai ful, wato dafaffen wake, ya fara kankare tulunsa da dogon ludayi, sai rishon kananzir ya fara huci a kowane gida, sai awaki su fito suna cin takardu. Aikina a gida shara ne da wanke-wanke da kai tire gidan burodi, domin ba wanda ke da abin gashi a gida. Ka ɗora tiren a ka, ka tafi a hankali, mai gashin ya san tiren kowane gida ba tare da an faɗa masa ba.

Katangarmu ɗaya da wata tsohuwa da kowa ke kira Shamiya, don daga ƙasar Sham ta fito. Ni Khala nake ce mata, wato 'yar'uwar uwa da Larabci. Gajeriya ce mai jiki, da tabarau mai kauri wanda ta ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Mijinta yana da ɗan shagon kayan zaƙi a tsohuwar kasuwa, su biyu ne kawai a gidan. Ita shekararta da 'ya'yan itace take lissafa ta. In sanyi ya shigo lokacin naranj ne, wani lemo mai ɗaci da ba a iya shan sa. Bayansa furen wardi na Ɗa'if, sai mishmish, ɗan ƙarami mai launin ɗorawa, sai ɓaure, sai safarjal mai tauri kamar dutse wanda in ya dahu yake komawa ja. Duk wanda ya zo, cikin tukunyarta ta jan ƙarfe yake ƙarewa, ta dafa shi da sukari a kan wuta kaɗan har ya zama murabba, ta zuba a kwalabe ta jera a saman kanta. Ni ce mai wanke mata kwalaben in kife su a rana. Tana da dokoki da ba ta gajiya da maimaitawa. Kada a sa jiƙaƙƙen cokali a kwalba. Kada a tafi hira a bar sukari a wuta. Kada a yi murabba ana fushi, wai hannu yakan yi nauyi ya farfasa 'ya'yan. In tana son ta san ya yi, sai ta ɗiga ɗigo ɗaya a farcen babban yatsanta ta karkata, in bai gangara ba ta ce, "Halas, sauke."

Cinsa ma da tsarinsa. In baƙo ya shiga gidanta, ɗan faranti take kawowa da cokali ɗaya tal na murabba, da kofin ruwan tulu mai sanyi wanda aka turara da ƙaron mustaka. Ka lasa a hankali, ka kora da ruwan, sai ka ji zafin hanya ya sauka. Da safe mukan tsaga tamis da zafinsa mu sa farin cuku mai gishiri da murabban mishmish, gishirin da zaƙin su haɗu a baki. Mai tari cokalin safarjal ake dama masa a ruwan zafi. Mai jego na wardi ake kai wa. Ranar Juma'a Baba yakan sayo ma'asub, burodin da aka kirɓa da ayaba, ya kwarara masa man shanu da zuma, mu kewaye kwano ɗaya. In ƙarshen azumi ya zo kuwa, lungun gaba ɗaya ba ya zama. Ana buga ma'amul, ana dafa dibyaza, wato mishmish busasshe da dabino da ɓaure da su almon a tukunya ɗaya har su yi kauri. Da safiyar salla faranti ya yi ta yawo tsakanin gidaje, kuma ba a mayar da shi wayam. Yau jikokina sun san dibyaza a roba ake sayo ta.

Wata shekara da aikin hajji ya faɗo cikin sanyi, ina 'yar budurwa, Baba ya dawo da la'asar da wata mata a bayansa. Shi aikinsa a masaukin alhazai na bakin teku yake, yana yi musu tafinta yana taya su da kaya. Matar doguwa ce siririya, ba ta kai Inna shekaru ba, ta rufe rabin fuskarta da mayafi.

Baba ya ce wa Inna, "Ga baƙuwa na kawo miki. Mijinta ya rasu a Mina, an binne shi a Makka. Ita kuma zazzaɓi ya kwantar da ita har jirgin 'yan garinsu ya tashi. Ba ta da kowa a nan. Ta zauna wajenmu ta yi takabarta, in ya so Allah Ya kawo yadda za a yi."

Inna ta ce, "Allah Ya jiƙansa da rahama. Sannu da zuwa, Hajiya, gida kika zo." Ta juyo gare ni ta ce, "Goggonki ce. Je ki gyara mata gefen ɗakinki."

Kayanta ba yawa, ƙunshin tufafi ne da buta, sai wani gwangwani da aka naɗe da fata aka ɗinke bakinsa. Shi ta fara ajiyewa, a wajen kanta, kafin ta zauna.

Goggo ba ta cin abinci. In lokacin salla ya yi ta tashi ta yi, ta koma ta zauna tana kallon bango. Inna ta yi duk dabarar da ta sani. Ta aika aka nemo kuka da daddawa wajen Hausawan unguwar Nuzla ta yi tuwo, ta dama kunun tsamiya, ta dafa shurba, romon nan na Larabawa. Goggo ta ce, "An gode," kwanon ya huce a gabanta. Ruwa take sha, wani lokaci dabino ɗaya. Har ƙasusuwan wuyanta suka fara fitowa. Baba ya kira limamin lungunmu ya yi mata nasiha daga bayan labule, ta saurara har ya gama, ta yi godiya, ba abin da ya sauya. Na ji Inna tana ce wa Baba a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, matar nan so take ta bi mijinta. Ina tsoron mu wayi gari da gawa a ɗakin yarinya."

Shamiya ta shigo gaisuwa da ɗan farantinta da cokali. Goggo ta girgiza kai. Tsohuwar ta tsaya tana kallonta ta saman tabarau, ta ɗauki farantinta ta fita. Washegari da hantsi ta kira ni ta katanga, ta ɗora mini kwandon naranj a ka, ta biyo ni da wuƙa da allura da zare har cikin ɗakin. Ta baje a tabarmar Goggo kamar an gayyace ta. Ta kankare bayan lemon, ta yanka ɓawon dogo-dogo, ta naɗe ɗaya kamar ɗan tabarma. Daga nan ta ɗauki allura tana neman kafar, zaren yana wucewa ta gefe. Na miƙa hannu in karɓa, ta buge mini shi.

Ta ce da Larabci, "Ba ke ba. Ki faɗa mata idona ya tafi, mijina kuma ya jibgo mini kwando guda, in ban gama da shi ba ruɓewa zai yi. Ki tambaye ta ko a garinsu takaba tana hana mutum taimakon maƙwabci."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Goggo, wai ko za ki ɗan taya ta."

Shamiya ba ta jin Hausa, amma ta ce, "Maganata ta fi haka tsawo, ya binti. Faɗi duka."

Na sunkuyar da kai na faɗi duka. Goggo ta juyo daga bango. Ta daɗe tana kallon tsohuwar, tsohuwar kuma ta miƙa mata allurar ba ta janye hannu ba. Can Goggo ta karɓa, ta lashi bakin zaren ta zura. Shamiya ta nuna mata yadda ake soke naɗaɗɗen ɓawon a jera shi a zare kamar tsakiya, don kada ya warware a tukunya. Suka ci gaba da aikin tare. Kafin azahar sun gama rabin kwandon, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshin lemo.

Aikin naranj ba na rana ɗaya ba ne. Sai an tafasa, a jiƙa, a yi ta sauya masa ruwa safe da yamma. Shamiya ta ce bahonta ya tsage, don haka a gidanmu za a jiƙa, kuma ni ba ta yarda da hannuna ba. Ni na san bahon lafiyarsa lau. Haka Goggo ta fara fitowa tsakar gida tana zubar da ruwa tana sa sabo. Ranar da ta fara yi mini magana da kanta, ta ɗan ciji ɓawon ne ta yamutsa fuska ta ce, "Yarinya, wannan abu mai ɗaci haka, ci ake yi?" Da na fassara, Shamiya ta yi dariya har tabarau ɗinta ya zame.

Ranar dahuwa aka kawo tukunyar jan ƙarfe gidanmu. Da ɓawon ya yi sheƙi kamar gilashi, Shamiya ta ciro ɗaya ta hura ta ce, "Ki ce mata ni harshena ya tsufa, ke kuma komai zaƙi ne a bakinki. Ita za ta faɗa mana ko ya yi."

Goggo ta karɓa ta tauna a hankali. Ta ce, "Da sauran ɗan ɗaci a ƙarshe."

Shamiya ta ce, "Haka ake so. Amma ba a gane shi sosai sai da burodi." Ta tsaga tamis ta sa cuku ta ɗora ɓawon ta miƙa mata. Goggo ta cinye rabi. Na waiga ban ga Inna ba, ashe ta shige madafa tana share hawaye da bakin zane.

Daga ranar abinci ya fara shiga, kaɗan-kaɗan, magana ma haka. Da yamma in muna tsince shinkafa takan ba ni labarin garinsu. Ta ce mijinta mai zuma ne, yana da amya a kan itatuwan ɗorawa a bayan gari, shi yake saƙa su da kansa ya hau ya rataye. Ta ce sun bar 'ya'ya biyu wajen mahaifiyarta. Gwangwanin nan kuwa zumar da ya ɗiba ta ƙarshe ce kafin su taso. Ya yi niyyar raba ta ga talakawan Madina in sun je ziyara bayan hajji, ya ce kada a buɗe sai a garin Manzo. Duk doguwar hanyar nan, mota da jirgin ƙasa da jirgin ruwa, shi ya riƙe ta a jikinsa, har ranar da suka ji yunwa bai taɓa ta ba.

Da na ba Shamiya labarin, Goggo na zaune gefenmu, ta ajiye cokalin da take juyawa. Sai ta ce, "Ki faɗa mata mu ma muna da gonar lemo a garinmu na bakin teku. Yaƙi ya fitar da mu. Ɗana ɗaya ne, a hanya ya rasu, ban san ko zan gane kabarinsa ba. Ita ta san inda na mijinta yake, kuma wuri ne mai kyau." Shekara da shekaru muna katanga ɗaya, ko Inna ba ta taɓa jin wannan ba. Na fassara. Goggo ta kama hannun tsohuwar ta riƙe, suka ci gaba da zama haka har aka kira magariba.

Sanyi ya wuce, wardi ya zo suka yi shi tare, zafin Jidda ya dawo da gumin nan nasa da ke cin ƙarfe. Takaba ta kusa ƙarewa. Wata safiya ina shara na ga layin kiyashi ya taso daga bakin ƙofa ya nufi wajen kan Goggo. Na ɗaga ƙunshin kayanta. Gwangwanin ya yi tsatsa ta ƙasa ya huje, zuma ta jiƙa fatar ta malala cikin tabarma, kiyashi sun yi baƙi a kai. Ban san sanda na kira ta ba. Ta shigo ta durƙusa, ta ɗaga gwangwanin yana ɗiga ta tsakanin yatsunta. Tun zuwanta ban taɓa jin kukanta ba sai ranar. Kuka take da murya, tana cewa, "Ko wannan ma na kasa riƙe masa. Abu ɗaya ya bar mini."

Shamiya ta ji ta katanga. Ta shigo da kwalabe wankakku da farin ƙyalle a kafaɗa. Ta duba ta ce, "Ki ce mata gwangwanin ne ya gaza, zumar ba abin da ya same ta. A buɗe a tace yanzu."

Goggo ta rungume shi ta ce, "Ya ce kada a buɗe sai a Madina."

Inna ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Hajiya, so yake ta isa bakin bayin Allah na Madina. In kika bar ta haka, kiyashin Jidda ne za su shanye sadakarsa. Ki buɗe. Malam ya ce da kin fita takaba zai kai mu ziyara, da hannunki za ki raba."

Goggo ta sassauta riƙon gwangwanin. Sannan ta ce in ba ta wuƙa, ta yi bisimilla ta yanke ɗinkin da kanta. Zumar baƙa ce mai kauri, ba irin ta kantuna ba, tana ƙamshin hayaƙi da fure. Shamiya ta sunkuya ta shaƙa ta ce, "Ma sha Allah." Aka tace ta a ƙyalle. Abin da ya tsira bai fi rabi da ɗan wani abu ba.

Sai maganar yadda za a raba zuma kaɗan ga mutane da yawa ta taso, tunda ba za a bi mutane da cokali ba. Goggo ta ce alkaki za ta yi. Inna ta ce ita a bakin mahaifiyarta kawai ta san shi, ba ta taɓa ganin yadda ake yi ba. Shamiya ta ce ita kuma za ta dafa busasshen ɓaure a sauran, yana jure hanya. Da takaba ta ƙare aka sayo alkama aka ɓarza, Goggo ta kwaɓa ta rufe ya kwana. Da safe ta zauna tana murza shi a tafin hannu, tana naɗewa kamar ana tufka igiya, tana jefawa a mai. Shamiya ta ce sai ta gwada. Duk wanda ta murza sai ya tsinke. Ta kai hannu za ta ƙara ruwa a kwaɓin, Goggo ta buge mata hannu kamar yadda ta taɓa buge nawa. Tsohuwar ta buɗe baki tana kallonta, sai duk muka fashe da dariya, har Goggo. Sun yi gardama a kan ruwan furen lemo, Shamiya na son ɗigawa a zumar, Goggo ta ce ba a sa wa alkaki turare. A ƙarshe aka raba biyu, rabi da shi rabi babu.

Ƙafafun Shamiya ba su iya doguwar tafiya, don haka mu huɗu muka tafi, Baba da Inna da Goggo da ni, a wata tsohuwar bas da ke tsayawa tana shan ruwa a hanya. Goggo ta riƙe kwanon a cinyarta har muka isa. Bayan mun yi ziyara, Baba ya kai mu lungunan da ke kusa da masallaci, inda akwai gidajen waƙafi da tsofaffin mata marasa kowa suke zaune. Goggo tana bi ɗaki-ɗaki, ta sa wa kowacce alkaki ɗaya da ɓaure ɗaya a hannu ta ce, "Sadakar marigayi maigidana ce, a sa shi a addu'a." Ni kuma ina maimaitawa da Larabci. A wani ɗaki muka sami wata makauniya tsohuwa tukuf. Na fara yi mata Larabci, ta kai alkakin baki, sai ta daina taunawa.

Ta ce da Hausa, "Wannan zumar gida ce. Ta ɗorawa ce. Wa ya kawo ta nan?"

Goggo ta durƙusa ta ce, "Mijina ne, Iya. Shi ya ɗebo ta. Allah bai nufa ya iso ba."

Tsohuwar ta ce, "Ya iso mana. Tun ina yarinya na bar gida, ban zaci zan ƙara jin wannan a bakina ba. Mene ne sunansa?" Goggo ba ta faɗin sunan miji, sai ta raɗa mini harafin farko ni na ƙarasa, don na taɓa jin sa a bakin Baba. Tsohuwar ta ɗaga hannu ta yi ta addu'a, muna cewa amin, har na gaji da durƙuso.

Da muka fito saura guda ɗaya a kwanon. Goggo tana waige-waigen wanda za ta ba, Inna ta ce, "Hajiya, ke ma baƙuwa ce a garin nan, kuma ba ki ɗanɗana ba." Goggo ta dubi alkakin. Sannan ta jingina da bango ta cinye shi a hankali, ta lashe yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta dubi Baba ta ce, "Yaran nan suna can suna jira na. Malam, a nema mini hanyar gida."

Baba ya yi ta zirga-zirga a kan takardunta har aka dace da wasu 'yan ƙasarsu da za su koma. Ranar tafiya Shamiya ta kawo kwalbar murabban mishmish ta naɗe ta da tsohuwar rigarta, ta ce na yara ne, a ba su da cokali busasshe. Motar da za ta kai su bakin teku tana jira a bakin lungu. A ƙofar gidanmu Shamiya ta yi ɗage ta kama fuskar Goggo da hannu biyu, ta fara magana da Larabcinta na Sham, doguwar magana ba tsayawa. Goggo ma ta fara tata da Hausa, ba ta jira waccan ta gama ba. Su biyun suna magana lokaci ɗaya, hawaye na zuba, kowacce tana gyaɗa kai. Na matsa gaba don in yi aikina, Inna ta dafa kafaɗata ta ce, "Bar su. Sun ji juna."

Ba mu ƙara jin labarin Goggo ba. A lokacin wanda ya tafi ya tafi ke nan, sai dai addu'a. Shamiya ta tsaya a bakin lungu har motar ta sha kwana, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta ta mayar. Baba da Inna da ita duk ƙasa ta rufe su yanzu. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka fahimci abin da kowaccensu ta faɗa a ƙofar gidan nan, kuma har yau ban fassara wa kowa ba.